Ƙafafun Tela

Tun kafin Uwar Biyu ta ɗora ruwan shayi keken ɗinki ya fara kuka a shago, kuma har rana ta take bai yi shiru ba. Tsohon keke ne irin wanda ake takawa da ƙafa. Mijinta Tela yana kansa, yana ta taka shi kamar wanda aka biyo. Labule ne kawai ya raba shagon da ɗakinsu, don haka duk takun da ya yi a ƙirjinta yake sauka.

Wata matar sai ta gode wa Allah, miji ya kama sana'a. Ita kuwa ta san wannan ƙarar. Bara ma haka ciwon ya faro: ɗinki ba ci ba sha, surutu ba birki, har ya yanka yadin mutane ya ce zai yi wa duk 'yan layi riga iri ɗaya. Ƙarshenta wansa ya zo da mota aka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, ya daɗe a kwance. Aka sallamo shi da ƙwaya, ɗaya kullum da safe, kwanan baya kuma likita ta canza masa wata sabuwa. Wan nasa, wanda kowa ke ce wa Yaya, ya kafa mata sharaɗi a bakin ƙofa: in ciwon ya sake tashi zai mayar da shi asibiti, ita kuma ta kwashi tagwayenta ta tafi gidansu. Yaya ba mugu ba ne, amma in ya faɗi magana ko shi kansa ba ya iya janye ta.

Ta ɗaga labule ta leƙa. Aikin mutane ya ƙare tuni, ga shi can a rataye. Ƙyallaye yake haɗawa, ja da kore, abin da ba zai zama komai ba.

"Baban Biyu, ka zo ka ci abinci."

Ya zo, amma a tsaye ya ci, yana sauya ƙafa kamar mai jin fitsari. Tagwayen suka miƙe suna kwaikwayonsa suna dariya, ta daka musu tsawar da ta fi ƙarfin laifinsu.

"Me ke damunka?" ta tambaye shi ƙasa-ƙasa.

"Kaina lafiya lau. Ƙafafun ne. Kamar an zuba min tururuwa a cikin ƙashi. In ina taka keken nan ne kawai nake samun sauƙi."

Lafiya lau. Bara ma da almakashi a hannunsa abin da yake faɗa ke nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, ita kuwa Uwar Biyu a cikin tsummoki take kwana take tashi. Tsoro ya cika ta, ba na komai ba sai na ganin motar Yaya a ƙofa.

Sai ta yi lissafi irin na mai wanki: in omo bai fitar da datti ba, ƙarawa ake yi. Washegari ta miƙa masa ƙwayarsa ya haɗiye, sannan ta juya baya ta murƙushe wata da bayan cokali, ta zuba a shayinsa, ta bi ta da sukari. Ya kurɓa, ya ɗan tsaya, ya shanye. Haka ta riƙa yi kullum, tana jiran keken ya yi shiru.

Ina fa. Abin sai ya ƙaru. Yanzu ko keken ba ya riƙe shi. Ya taka kaɗan, ya miƙe, ya je bakin titi, ya dawo, ya zauna, ya sake miƙewa. Wani ya kawo yadi, Tela ya zagaya shi da tef yana ta tattaki a wuri ɗaya, har mutumin ya naɗe yadinsa ya ce zai dawo. Dawowar da bai yi ba ke nan. Ita ma zama ya gagare ta. Ta share shagon da ta riga ta share, ta goge rigar da ta riga ta goge, duk motar da ta rage gudu a layi sai gabanta ya faɗi.

Ranar da Yaya ya zo kuwa a ƙafa ya zo, ba ta ji shi ba. Ya tsaya a bakin shago yana kallon ƙanensa na taka keke, allura na hawa tana sauka, babu zare babu yadi.

"Tun yaushe?" ya tambaye ta.

"Yaya, gajiya ce kawai."

"Ɗauko mayafinki."

A ɗakin jira na asibitin benci ne dogo, mutane a jere riƙe da katinsu. Kowa na zaune ban da Tela, wanda ke kai da komowa tsakanin taga da ƙofa. Uwar Biyu tana kallon wata ƙofar ƙarfe a ƙarshen baranda, wadda ta san in an shiga da mutum ba ya fitowa ranar. A ranta har ta fara haɗa kayan yara.

Likitar mace ce mai furfura a goshi, ba ta gaggawar magana. Ba ta fara da tambaya ba. Ƙafafunsa ta duba, suna ta motsi a ƙarƙashin kujera.

"Malam, kana barci?"

"In ƙafafun sun bar ni."

"Tunani na yi maka gudu? Kana jin kamar za ka iya komai a duniya?"

"Zama kawai nake so in iya, likita."

Ta sa ya miƙe, ta lanƙwasa hannunsa, ta yi masa wasu tambayoyin, ya amsa tiryan-tiryan. Sannan ta dubi Yaya.

"Ban ga ciwon a nan ba. Maganin ne. Yana yi wa wasu haka, ya hana su zama, mai kallo ya ɗauka ciwo ne ya dawo. Ba sai an kwantar da shi ba, za mu rage ko mu canza. Amma ya yi tsanani da yawa. Guda nawa yake sha?"

Uwar Biyu ta kawar da kai. Garin neman gira ta kusa rasa ido, ga Yaya kuma ya zuba mata nasa idon.

"Biyu," in ji Tela. "Ɗaya da hannuna, ɗaya a shayi."

Likitar ta ce a hankali kada a sake ƙara ko rage komai sai an tambaye ta, ta sunkuyar da kai tana rubutu. Yaya ya buɗe baki zai yi faɗa, ya dubi ƙanensa, ya fasa.

Sai da suka fito baranda, Yaya ya tafi karɓo sabon maganin, sannan Uwar Biyu ta yi wa mijinta magana.

"Ka sani?"

"Uwar Biyu, sukarin duniya ba zai ɓoye ɗacin nan ba."

"To don me ka sha? Kana ji yana cin ka, ka sha?"

Ya jingina da bango, ƙafafun na ta aikinsu. Babu fushi a muryarsa, gajiya ce kawai.

"Da na ture kofin, me za ki ce?"

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba.

"Cewa za ki yi ciwon ne ya hana ni sha. Wanda ya taɓa shiga waccan ƙofar, in ya ce a'a, ba a jin a'a ɗin, ciwo ake ji. Sai na ga gara in sha, in zauna a gida da ku."

Ta kama hannun rigarsa. Ya ce mata ba zai iya tsayawa ba, sai ta bi shi suka riƙa kai da komowa a barandar tare, har Yaya ya dawo.