Agogon da Ake Juyawa da Hannu

Shekara ashirin da biyu Mai Labarai ya yi yana zama a kujera ɗaya, gaban kyamara ɗaya, da agogon bango ɗaya a bayansa. Farin agogo ne mai baƙaƙen hannuwa, kuma tun ranar da aka rataye shi a situdiyon ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Masu shaguna da shi suke saita nasu. Shi ma Mai Labarai haka gari ya ɗauke shi. In ya ce an rufe hanya, to an rufe. In ya ce ruwa ya cika ƙarƙashin gada, direba ko yana sauri kamar zai tashi sama sai ya zagaya.

Wannan sashe na halin hanyoyi shi ne abin da ya fi tinƙaho da shi. Minti uku ne kacal a ƙarshen kowane zagaye na labarai, amma mutum biyar ne ke yawo a kan babura, ko ana rana ko ana ruwa, suna bugo waya su faɗi abin da idonsu ya gani. Shi kuma ya karanta da muryar nan tasa mai nauyi, ba ragi ba ƙari.

Sai aka kawo sabon manaja. Mutum ne mai ƙamshin turare da takalmi mai sheƙi, wanda bai taɓa rubuta labari ba ko na ɓatan kyanwa. Bai cika wata ba ma'aikata suka laƙaba masa suna Almakashi, kuma sunan ya zauna masa daram. Da butar shayi ta ofis ya fara. Daga nan ya yanke shirin manoma da na yara, ya cike gurbinsu da tallan maganin sanƙo, wanda wani mai sanƙo sanye da hula yake yi sau tara a rana. Ya sallami 'yan baburan nan biyar a takarda ɗaya. Ya sallami matar da ke amsa wayar masu kallo, yana cewa ai mutane ba sa bugowa sai don su yi ƙorafi. A ƙarshe ya sallami Mai Tacewa, dattijon da aikinsa shi ne ya kalli duk abin da aka naɗa kafin ya fita ga jama'a. Ya ce na'ura ta isa, ita ba ta neman hutu.

Babbar dabararsa sai a wata na uku ya fito da ita. Ya tara su a ɗakin taro, ya haska musu zane-zane a bango, ya bayyana cewa kunna fitilu da na'urar sanyaya ɗaki tun safe har yamma ɓarna ce. Daga yanzu da ƙarfe tara na safe za a naɗi labarai gaba ɗaya, na sha biyu da na huɗu da na bakwai, a loda wa na'ura, kowa ya kama gabansa. Rubutun nan na kusurwa mai cewa “Kai Tsaye” kuwa za a bar shi, don masu talla suna sonsa.

Mai Labarai ba mai yawan magana ba ne a taro, amma ranar ya ɗaga hannu. Ya tambaya, in wani abu ya faru da rana fa? Almakashi ya yi murmushin da ake yi wa tsoho in ya ruɗe, ya ce labari ba madara ba ne, ba ya lalacewa kafin gobe. Mai Labarai ya ce to sashen hanyoyi fa, tunda babu mai zuwa ya duba? A soke shi mana. Almakashi ya ce a'a, kamfanin tayoyi ne ke ɗaukar nauyinsa, ba a taɓa shi.

“Baba, hanya ai hanya ce,” in ji shi. “Inda take jiya nan take yau.”

Maganar agogo kuwa ba wanda ya tuna da ita sai da aka ga labaran sha biyu sun fita agogo na nuna tara da kwata. Aka ce a cire shi. Almakashi ya ce agogon shi ne tambarin tashar, sai dai a riƙa juya shi. Aikin ya faɗa kan Anti, matar da a da take ba da alamar farawa kawai, yanzu kuma ita ce mai kyamara, ita ce mai shafa masa hoda, ita ce mai share ƙasa. Kullum da safe sai ta taka kujerar roba, ta sauko da agogon, ta murza shi zuwa sha biyu, Mai Labarai ya karanta da kwat mai ruwan toka. Ta sake hawa ta kai shi huɗu, ya sa shuɗi. Ta kai shi bakwai, ya sa baƙi, ya ce wa jama'a barka da yamma alhali ko karin safe bai gama narkewa a cikinsa ba. Anti takan ce ita kaɗai ce mace a duniya da ke faɗar da rana kafin ƙarfe goma, kuma ko sannu ba a ce mata.

Ya san abin da yake yi. Amma shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya, kuma mai furfura ba ya son ya fara yawon neman aiki. Sai ya riƙa lallashin kansa da 'yar jimla ɗaya: “bisa rahoton da muka samu”. Rahoton kuwa takardar jiya ce aka sauya mata kwanan wata.

Wata biyu abin yana tafiya, sai ranar wata Laraba. Da safe sama tas take, ya karanta cewa hanyoyi duk a buɗe suke, har da ta ƙarƙashin gada, ya koma gida. Wajen sha ɗaya hadari ya haɗu, ruwa ya tsinke kamar da bakin ƙwarya. Sha biyu ta same shi a falonsa, ruwa na dukan kwano har ba ya jin maganar matarsa, ga shi kuma a talabijin cikin kwat mai ruwan toka, hankali kwance, agogo a bayansa na nuna sha biyu daidai, yana shaida wa gari cewa ƙarƙashin gada lafiya lau. Ya buga wayar tashar, ta yi ta ƙara ba mai ɗauka, don mai ɗaukar tana gidanta tun da aka sallame ta. Ya buga wa Almakashi, a kashe. Na'ura kuwa ta yi aikinta tsaf, ta sake maimaita maganar da ƙarfe huɗu, wannan karon da shuɗin kwat.

Mota bakwai ruwan ya riƙe a ƙarƙashin gadar. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Ɗaya daga cikin motocin ta Direba ce, mijin Auta, ƙanwar Mai Labarai. Ƙaramar motar ɗaukar kaya ce, da ita yake ciyar da gidansa, ranar kuma buhunan sukari ya ɗauko. Ta taga ya fito, gilashi ya yanke masa hannu, motar ta kwana biyu a cikin ruwa.

Da yamma Mai Labarai ya je duba shi. Shi Direba mutum ne mai tsokana, tun da ya auri Auta bai taɓa kiransa da wani suna ba sai “Yaya na cikin akwati”, yana tambayarsa ko ba ya jin zafi a ciki. Ranar kuwa sai ya miƙe da hannu a naɗe, ya gaishe shi da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo, ya nuna masa kujera. Ladabin nan ya fi zagi ciwo. A hankali ya ba da labari: suna wurin lodi suna kallon talabijin ɗin mai shayi, direbobi shida suka ce masa ya zagaya, ruwan nan ba na wasa ba ne. Shi kuma ya ce musu yayan matarsa ne ke magana, ga agogo a bayansa, yanzun nan yake faɗa, kuma mutumin nan bai taɓa faɗin abin da ba a gani ba.

Auta ta ajiye wa yayanta kofin ruwa, ta tsaya a kansa.

“Yaya, wa ya je ya duba hanyar?”

Ya ce ba kowa. Ya ce tun tara na safe aka naɗa.

“To agogon fa?”

“Da hannu ake juya shi.”

Ta daɗe tana kallonsa. Shi ya goya ta tana ƙarama, shi ya kai ta makaranta ranar farko, kuma bai taɓa ganin wannan kallon a idonta ba. Ta juya ta koma ɗaki. Direba ya yi 'yar dariya mara daɗi, ya ce shi abin da ya fi damunsa ba motar ba ce, yadda zai shiga wurin lodi ne bayan ya yi musu da mutum shida a kan maganar da ta kwana a takarda. Da Mai Labarai ya yi sallama zai tafi, Auta ba ta fito ba.

Washegari ya tarar da Almakashi a situdiyo, abin da bai taɓa faruwa ba, da takarda a hannu. Takardar neman afuwa ce, layi huɗu, tana cewa abin da ya faru jiya tuntuɓen harshe ne daga mai gabatarwa, kuma tashar ta ja masa kunne. Ya ce a karanta a labaran bakwai, don baƙin kwat ya fi dacewa da nadama. Ba shakka ita ma nadamar yanzu za a naɗe ta, da safe, don kada a kunna fitila sau biyu. Ya dafa kafaɗar Mai Labarai, ya ce ya san Baba mutum ne mai fahimta, ya duba agogon hannunsa, ya fita taro da masu maganin sanƙo.

Suka naɗi na sha biyu da na huɗu ba tare da sashen hanyoyi ba, Anti ta ce in an tambaya za ta ce mantuwa ta yi. Da aka zo na bakwai ta jawo kujerar roba za ta hau.

“Anti, sauko. Mayar da shi daidai, ki bar shi.”

Ta dube shi, ta dubi agogon. Ta saita shi da wayarta, tara da minti arba'in, ta rataye, ta koma bayan kyamara. Ya gyara baƙin kwat ɗinsa, ya kife takardar Almakashi a kan tebur.

“Jama'a, ku a wajenku yanzu ƙarfe bakwai ne na yamma. Ni a nan tara ce da minti arba'in na safe, ga agogo ku duba. Wata biyu ke nan haka muke yi muku, muna murza agogon da hannu, ni kuma ina canza kwat. Jiya na ce muku ƙarƙashin gada a buɗe take. Ba tuntuɓen harshe ba ne. Ba mu aika kowa ya duba ba, don ba mu da wanda za mu aika, kuma na sani na karanta. Wanda ya shiga ruwa a kan maganata, ni na sa shi.”

Ya ci gaba da sauran labarai kamar kullum. Da aka kashe fitila ya tambayi Anti ko wani zai duba kafin ya fita. Ta ce wa? Mai Tacewa yana gidansa yana kiwon kaji. Ta loda wa na'ura, na'ura ta karɓa ba musu.

Kafin ya tafi ya kwashe aljihun teburinsa: mataji, tsohon tabarau, alewar maƙogwaro. Da bakwai ya zauna da matarsa suka kalla. Wayarsa ta yi ta ƙara, tsoffin abokan aiki da maƙwabta da mutanen da bai san inda suka samo lambarsa ba. Auta ba ta kira ba.

Da safe ya tafi da riga kawai, ba kwat, don karɓar takardar sallama ba ta bukatar ado. A baranda suka yi kiciɓis da Almakashi, wanda ya taho da fara'a ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya ce ya gode, magana ta mutu, ko ƙorafi ɗaya bai iso teburinsa ba. Mai Labarai ya tambaye shi ko ya kalla. Ya ce sosai ma, baƙin kwat ɗin ya karɓe shi ƙwarai. Ta ƙofar ofishinsa da ke buɗe ana hango talabijin ɗinsa, ana buga ƙwallo a wata tashar waje.

Mai Labarai ya tsaya yana kallon bayansa har ya shige. Wato duk benen nan na sama, da masu zane-zane da masu taro da masu turare, babu mutum ɗaya da ke kallon tashar da suke ta yanka. Da ya faɗa wa Anti, sai da ta zauna a kan kujerar roba don dariya, ta ce to ai shi ke nan, ita da hawa kujera sai dai in za ta cire yanar gizo-gizo.

Daga ranar agogon ya koma faɗin gaskiya a ƙarƙashin rubutun “Kai Tsaye”. Kwat ɗaya yake sawa. Kowane zagaye yakan fara da faɗin lokacin da yake magana, in an zo sashen hanyoyi kuma ya ce ba a aika kowa ba, mai tafiya ya tambayi wanda ya fito daga can. Kamfanin tayoyi bai ce uffan ba, da alama su ma ƙwallo suke kallo. Bai mayar da kayansa cikin aljihun tebur ba, don ya san wata rana matar wani babba za ta kunna tashar bisa kuskure.

Kwana tara bayan haka, tara saura kwata, Anti na shafa masa hoda, wayarsa ta yi ƙara. Direba ne, ana jin hayaniyar wurin lodi a bayansa. Motar har yanzu tana wajen makanike, ta wani yake ja.

“Yaya na cikin akwati, kana da biro? Rubuta. Ƙarƙashin gada a buɗe take, yanzu na wuce da kaina. Hanyar asibiti tirela ta faɗi, an toshe. Amma ka ce musu na tara saura kwata ne, kar ka ƙara min ko minti ɗaya.”

Ya rubuta a bayan takardar labarai. Kafin ya ajiye wayar ya tambaya ko Auta tana lafiya. Direba ya ce lafiyarta ƙalau, ita ce ma ta ce ya kira, amma ta ce kada ya faɗa.