Bukkar Don Nibaldo

Tun ranar da Hedimasta Fuenzalida ya sayi sabuwar mota, filin wasan yara ya shiga uku. Wurin ajiye motocin malamai ya riƙa cin filin kaɗan-kaɗan, bana a matsar da duwatsun gefe, baɗi a ƙara matsarwa. Abin haushin ma, iyayen yaran ne ke yi da hannunsu. Duk Asabar ɗin farkon wata sukan fito aikin gayya, su nome ciyawa, su shafa wa duwatsun farar ƙasa, su jera su inda hedimasta ya nuna da ƙafa. Har ya zama abin da ya rage wa yara ɗan kusurwa ne a bayan famfo, shi ma an ce siminti za a zuba masa.

Malama Yasna, mai koyar da 'yan aji ɗaya, ita ta kawo dabara a taron iyaye. Ta ce a dasa ɗanyun tsumagun mimbire, itacen nan mai laushi da ake saƙa kujeru da kwanduna da shi, a kusurwar, a lanƙwaso kawunansu a ɗaure, su yi saiwa su yi ganye, su zama bukka mai rai wadda yara za su riƙa wasa a ciki. Hedimasta ya yi murmushin nan nasa, ya ce madalla. In bukkar ta yi ganye kafin bikin 'yancin kai na Satumba, kusurwa ta yara ce. In ba ta yi ba, siminti.

Nan take dattijon masaƙi Nibaldo Pavez, wanda ake kira Don Nibaldo saboda girmamawa, ya miƙe. A wannan yanki na Chimbarongo kowane gida ana saƙar mimbire, amma kujerunsa ne ake lodi zuwa Santiago babban birni, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka. Ya bugi ƙirji ya ce aikin a hannunsa yake. Kuma a yi masa adalci, da gaske yake. A filin nan ya yi wasa yana yaro, jikarsa Eloísa ma a nan take guje-guje, yana son wurin har cikin ransa.

Ranar aikin, cikin sanyin Yuli, lokacin hunturun ƙasar, mata sun kawo shayi da soyayyar gurasar kabewa, sai ga Don Nibaldo da amalanke cike da tsumagu. An dafa su a ganga, an ɓare, an shanya, sun yi ja suna sheƙi, an ware manya da ƙanana. Haka ake yi. A garin nan wanda ya yi saƙa da ɗanyen reshe mai ɓawo, to rago ne, ko mai saƙar kwandon dankali.

Malama Yasna ta matso ta rage murya. "Don Nibaldo, ai waɗannan dafaffu ne. Dafaffe ba ya toho."

"Malama, mimbire ne fa," in ji shi. "Ko a kan dutse kika yar da shi sai ya kama. So kike baƙi su zo su ga ɗanyen reshe da ɓawonsa, su ce aikin Pavez ne?"

Iyaye suka gyaɗa kai. Babu wanda a cikinsu bai taɓa dasa mimbire a gona ba, duk sun san ɗanye ake cakawa a ƙasa. Amma dashe daban, saƙa daban, kuma da zarar an ce saƙa, sai manomin da ke cikin kowa ya yi barci. Ga shi ba mai son a ce shi ne ya goyi bayan ƙazamin aiki a gaban Don Nibaldo. Malama ta koma rabon shayi.

Wallahi an yi bukka. Doguwa, faffaɗa, da zanen tsani a jiki da kitso a baki, har aka shafa mata man sheƙi saboda ruwan sama. Don Nibaldo kuwa kullum da safe sai ya zo da bokiti ya zagaye gindinta da ruwa. Matarsa Uberlinda takan tsaya a ƙofar gida ta ce, "Tsoho, in ka gama da bukkar, kujerar falo ma tana jin ƙishi." Ba ya ko kallonta.

Satumba ta kama. Komai na garin ya yi toho, har shingen gidan maƙwabta, amma bukka tana nan tana ƙyalli kamar sabon akwati. Tsoro ya kama Don Nibaldo sosai, abinci ya daina shiga. Malama Yasna ta kawo masa damin ɗanyun tsumagu, ta ce a caccaka su a jikin saƙar ko yanzu, kafin biki wasu za su fito da ganye. Ya karɓa, ya gode. Ya tsaya a gaban bukkar da reshe a hannu, ya duba nan zai ɓata tsani, can zai ɓata kitso. Ya ce sai gobe. Damin ya bushe a bayan famfo.

Ana gobe biki hedimasta ya zo duba aiki, iyaye na biye da shi. Ya zagaya, ya shafa, ya leƙa ciki. Ko ganye ɗaya. Don Nibaldo ya cire hula, ya sunkuyar da kai yana jiran a ce a rushe.

Sai hedimasta ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin saƙa irin wannan ba, ko a manyan kantunan Santiago, kuma zalunci ne a rushe ta. Kan Don Nibaldo ya fara ɗagowa. Hedimasta ya ce alƙawari dai alƙawari ne, siminti za a zuba, amma a ciki kawai, bukka ta zauna yadda take, motarsa ta samu inuwa. Matsala ɗaya, ƙofar ta yi ƙanƙanta. Ranar Litinin mai gadi zai sa zarto ya faɗaɗa.

"Zarto?" in ji Don Nibaldo. "A jikin saƙata? Ba mai taɓa ta sai ni."

Asabar ɗin aikin gayya da ta biyo baya, ya zo da igiyar awo ya auna motar har da madubanta. Ya jiƙa bakin ƙofar, ya warware shi a hankali, ya sake kitsa shi da faɗi, ya fi na farko kyau. Sauran iyaye suka ɗebi duwatsun gefe suka jera su a bayan bukkar, suka shafa musu farar ƙasa.

Da siminti ya bushe, shi ya tsaya da kansa yana yi wa hedimasta hannu, taho, taho, ya isa. Mota ta shige sumul, ko gogar gefe ba ta yi ba. Daɗi ya kama shi, har ya juya neman wanda ya gani. Yara ne kawai, a tsaye a barandar aji. Eloísa ta sauko ta kama hannun rigarsa, tana leƙa cikin bukkar.

"Kaka, mu ina namu?"

Sai ya ce ta matsa baya, kada ta karce wa hedimasta mota.