Baƙon Shafin Madubi

Kafinta ya rayu ya mutu bai yarda an ɗauke shi hoto ba. In aka ɗaga waya sai ya juya ƙeya ya ce, "Ku ɗauki kujerar, ita ake sayarwa." Da Allah ya karɓi abinsa aka duba gida kaf, babu hotonsa sai na katin shaida, wanda ya fito kamar an kama shi da laifi.

Amma akwai guda da 'ya'yansa ba su san da shi ba. Tun yana da rai, babban ɗansa, wanda kowa ke kira Yaya, ya ɗauki hoton wani madubin kwalliya don a saka a shafin intanet na shagon. Can a kusurwar madubin Kafinta ya fito bai sani ba, ɗan mitsitsi: ya duƙa kan katako, fensir a bayan kunne, yana cizon leɓe yadda ya saba in awo ya ƙi fita. Matarsa Inna ce ta gano shi, ranar da autarsu ta buɗe mata shafin a waya tana nuna bajinta. Inna ba ta nuna wa kowa ba. Tun daga lokacin, kowace safiya in ta idar da salla sai ta buɗe shafin, ta ja hoton da yatsa biyu har ya cika waya, ta kalli mijinta, ta rufe. Ba ta iya ajiye hoto a waya ba, kuma ba za ta buɗe baki ta roƙi 'ya'yan cikinta ba. Ciwon da ake jin nauyin nunawa shi ya fi cin rai.

Auta ce ke kula da shafin. Teburinta na bayan shagon, tsakanin buhun garin katako da gwangwanayen fenti. Yarinya ce mai himma, ba zan rage mata ba. Kwamfutarta na nuna mata sawun duk wanda ya leƙa shafin, abin da ya kalla da yadda ya daɗe, amma ba ta nuna suna. Da wannan ta kasa mutane kashi uku. Akwai 'yan leƙe, su da wucewa kawai. Akwai masu jinya, masu zuwa su dawo suna shawara da aljihu. Sai masu zafi, waɗanda take bi da talla duk inda suka shiga a waya.

"Yaya, zo ka ga wani," ta ce wata rana. "Kullum da safe yana kan madubin nan. Bai taɓa fashi ba."

Yaya ya kashe injin yanka, ya zo yana karkaɗe riga. "Ya saya?"

"Zai saya."

"Zai saya ba ta sayen ƙusa, Hajiyar kwamfuta. Ni wanda na sani mai saye shi ne wanda ya shigo ya zauna kan kujera ya ce ta yi tsada."

"Kai dai tsaya a zamanin zarto. Wannan ya nuna, saura tsinka."

Ta jefa shi cikin masu zafi. Inna ta fara ganin madubin yana bin ta ko'ina, har in ta buɗe wa'azi, da rubutu a ƙasa wai an rage farashi, a yi sauri kafin ya ƙare. Wannan "kafin ya ƙare" ya tsaya mata a rai, amma ta haɗiye.

Da shiru ya yi yawa, baƙon bai saya ba, Auta ta zauna ta yi nazari. Ta ce laifin hoton ne: duhu, ga tarkacen shago a cikin gilashin. Ta sa aka jingina madubin da farin bango, ta ɗauki sabo fes, ta goge tsohon. Garin neman gira, in ji masu magana, akan rasa ido.

Washegari baƙon ya zo, ya fita, ya dawo, ya sake fita. Bayan nan bai ƙara zuwa ba.

"Ina mutumin naki?" in ji Yaya. "Ko ya nuna har ya ruɓe?"

A gida kuma Inna ta canza. Abinci sai ta taɓa ta ture. An tambaye ta, ta ce gajiya ce.

Wata safiya Auta ta shiga ɗakin gaishe ta, ta same ta zaune kan darduma, waya a hannu, tana jan gilashin madubin da yatsa biyu. Babu komai ciki sai farin bango. Inna ta yi saurin kife wayar a cinya.

"Inna, madubi kike so? Ai sai a kawo miki."

"Me zan kalla a madubi, ni da tsufana?" Ta gyara bakin mayafi. "Na ce, wancan hoton na da, ya lalace ne?"

"Na cire shi. Bai yi kyau ba, duk tarkace."

"Haka ne," in ji Inna. "Tarkace. Allah ya yi miki albarka, je ki kar ki makara."

Labarin zuciya a tambayi fuska. Auta ta fita da fuskar uwarta a ido har shago. Ba ta ko ajiye jaka ba ta buɗe kwandon sharar kwamfuta. Allah ya taimaka, hoton na nan. Ta ja shi ya girma, ta bi tarkacen ɗaya bayan ɗaya, har ta kai kusurwa.

Yaya ya ji shiru ya yi yawa, ya leƙo. "Yau kuma wa ya gudu?"

Ta juya masa kwamfutar. Ya sunkuya, ya daɗe a haka. Sai ya kai hannu bayan kunnensa, ya taɓa fensirin da ke maƙale a wurin.

"Inna ce baƙon," in ji Auta. "Ni kuma ina bin ta da ragi."

"Sai mu wanke mata shi, babba, a sa a bango."

"Ka san ta. In ta gane mun gani, ba za ta ƙara kallo ba."

Nan yarinyar ta yi hankali. Ta mayar da tsohon hoton inda yake, da duhunsa da tarkacensa. Ta cire baƙon daga masu zafi, ta tsayar da tallan. Yaya kuwa ya ɗauki madubin ya kai can ƙurya ya lulluɓe da zane, ya ce kar a sayar, kuma kar a sauke shafin.

Da safe Auta ta buɗe kwamfuta. Baƙon ya dawo, a lokacinsa, ya daɗe. Ƙasa da shi akwai wani sabon sawu, daga wata wayar daban, shi ma kan madubin. Ta ɗaga kai. Yaya na can gaban injin ya ba ta baya, yana awon katakon da ya riga ya auna.

Ba ta sa shi a kowane rukuni ba.