Jan Ƙyalle a Mararraba

Da farko na ɗauka gyare ne. Muna zaune a tsakar gida muna cin abincin dare, sai na ji wani sauti siriri yana saukowa daga tudun da ke bayan gonata, tsirrrr, ba ya yankewa. To amma gyare ba ya yawo da kukansa. Wannan kuwa tafiya yake, ya nutse a kwari, ya sake ɓullowa a tudu na gaba. Na leƙa ta saman katanga, na hango haske guda ɗaya yana gangarowa kamar tauraron da ya gaji da zaman sama.

"Kin ji?" na ce wa tsohuwata, uwargidana.

"Na ji abincinka yana hucewa," ta ce.

Aji uku na yi a makaranta, sauran karatuna a ƙasa na tsince shi. Shi ya sa ake ce mini Baba Tsintau. A ɗakina akwai dutse mai huda a tsakiya, da ƙahon rago da ya murɗe sau uku, da mabuɗin da har yau ban gamu da ƙofarsa ba.

Da gari ya waye na bi inda hasken ya bi. Na tarar da sawun taya guda, mai faɗi, mai haƙora. Can gaba kaɗan, a reshen wata bishiya, ga jan ƙyalle an ɗaure, da layin azurfa a tsakiyarsa mai ƙyalli in rana ta taɓa shi. Gaba kuma ga wani. Na ce a raina, abu mai kyau haka a bar wa rana ta cinye? Kwana biyu ina hawa ina sauka ina kwancewa. Arba'in da ɗaya na samu. Na jera su a igiya a ɗakina, in iska ta shigo sai su yi ta rawa.

Rana ta uku da yamma sautin ya zo har ƙofar gidana. Wata mata ce a kan keke mai kaurin taya, da hular kwano a kanta, furfura na leƙowa ta gefe. Ashe in ta daina taka feda ne tayar baya ke wannan kuka.

"Sannu da hutawa, Baba. Don Allah ko ka ga wanda ke kwance mini ƙyallaye? Ni ce mai shata hanya. Gobe da sassafe masu keke sittin za su bi tuddan nan, ba wanda ya san wurin a cikinsu. Ƙyallen nan shi ne idonsu."

Tsohuwata ta miƙa mata ruwa, sannan ta ɗaga labulen ɗakina da hannu ɗaya.

"Leƙa, 'yar nan. Ɓarawon naki ko ɓoyewa bai iya ba."

Matar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta daɗe tana kallon igiyar, sannan ta ce, "Baba, ka san mararrabar da ke kan falalen dutse?"

Na sani. Hanyar hagu ƙarama ce, tana zagaye tudu. Ta dama ita ce mai faɗi, mai kyan gani, amma bayan taku ɗari ruwan bara ya cinye ta, sai kwazazzabo mai zurfin gida biyu. Mai tafiya a ƙasa zai gani ya tsaya.

"Mai gangarowa da keke ba zai gani ba sai ya iso baki," ta ce.

Maƙwabcina mai injin niƙa yana jingine da katanga, fari fat da gari kamar kullum. "Tsintau, yau ka tsinto wa kanka," ya ce. Amma shi ya kwanto mini jakinsa ba tare da na roƙa ba.

Muka raba ƙyallayen. Ita ta ɗauki tuddan nesa, ni na kusa. Abin da ya ba ta mamaki, ban manta ko reshe ɗaya ba. Duk abin da na tsinta, ina riƙe da inda na same shi. Rana na shirin faɗuwa muka haɗu a mararraba, saura ƙyalle ɗaya a hannuna. Nan na tuna abin da na yi. Ɗan tsiro guda ne tak a kan falalen, kuma da ƙullin ya ƙi kwantuwa, tumɓuke shi na yi gaba ɗaya. Ta kafa sanda tsakanin duwatsu, iska ta kayar. Ta sake, ta sake kayarwa.

"Bari, 'yata," na ce. "Ni na cire reshen. Gobe ni ne reshen."

Tun kafin rana ta fito ina tsaye a wurin, ƙyallen a ɗaure a hannuna. Shekara saba'in ina ganin tuddan nan, amma kullum ƙasa nake kallo. Ran nan dole na ɗaga kai. Hazo ya cika kwaruruka, tuddai sun fito a samansa ɗaya bayan ɗaya kamar gadon bayan shanun da ke kwance, har iyakar gani.

Sai na ji su. Gyare sittin a lokaci guda.

Suka ɓullo ta kan tudu a jere, suka nutse cikin hazo, suka fito. Ba zaune suke ba, a tsaye suke kan feda, keken na rawa a ƙarƙashinsu, su kuwa kansu ko motsi. A kwanar hanya sai mutum ya kwanta da kekensa har ka ce ya faɗi, sai ka ga ya miƙe. Wani ya taka doron dutse ya tashi, na rantse na ga sararin sama a ƙarƙashin tayoyinsa biyu. Na miƙa hannu hagu. Suna wucewa iskarsu na kaɗa mini riga.

Can wani dogo ya taho shi kaɗai, kansa a sunkuye, ya miƙe dama. Ban san lokacin da na faɗa tsakiyar hanyar ba, hannu sama, ina ihu. Birki ya yi ƙara, tayar baya ta zame ta watso mini tsakuwa a ƙafa. Ya tsaya, numfashinsa a fuskata. Ya dubi ƙyallen, ya dubi bayana, ya juya hagu.

"Na gode, Baba!" Muryar ta iso ni bayan shi ya riga ya ɓace.

Ta ƙarshe ita ce mai shata hanya, tana tafe tana kwance ƙyallayenta tana zubawa a jaka. Ta kama nawa za ta kwance, sai ta fasa, ta ƙara matse ƙullin.

"Wannan ba tsintuwa ba ce, Baba. Ka yi masa aiki."

Da na dawo gida hannuna ya ƙi sauka sosai. Tsohuwata tana shafa mini mai a kafaɗa tana mita, ni kuwa idona na kan tudu. Mai injin niƙa ya zo karɓar jakinsa. Ya tsaya shi ma yana kallon tudun, igiya a hannu.

"To wai," ya ce, "duk hawan nan da saukar nan da suka yi, me suka je ɗaukowa a can?"