Rigimar da Kakanni Suka Bari a Willemstad

Ni ’yar tsohuwar majami’ar Yahudawa ce ta birninmu Willemstad, mai yashi a ƙasa. Mijina Elias kuwa ɗan sabuwa ne, wadda kakanninsa suka gina bayan sun yi fushi sun fice. Ana ce mata sabuwa, alhali ta kusa shekara ɗari.

Da samari suka watse zuwa Holland da Amurka, sai ya zama kowace majami’a da ƙyar take tara mazan da za a tayar da addu’a ranar Asabar. Manya suka ce a haɗe. Amma Kawu Haim, yayan mahaifiyata, ya ce ba zai yarda ba sai an warware abin da ya raba mu. Surukina Baba Gabriel ma haka ya ce. Da yake ni ce a tsakani, a gidana aka zauna.

Na kawo tuwon masara da soyayyen kifi. Kawu bai ko wanke hannu ba ya fara.

“Gabriel, ku ne kuka nace sai an shigo da kiɗa wurin ibada. Kakana ya ƙi, kuka fita.”

Baba Gabriel ya ajiye cokali. “Mu? Ai saboda kiɗan naku muka fita. Kakana ko fito bai yarda a yi ba ranar Asabar.”

“To me ya kai abin kiɗa majami’arku?”

“Me ya kai shi taku?”

Duka majami’un biyu akwai shi, kuma kowa a cikin jin sa ya girma.

Elias ya ce, “Baba, in kowa ya ƙi kiɗan, wa ya so shi?”

“Kai dai ci kifinka,” in ji uban.

Washegari muka haye gada zuwa wurin Gwaggo Luna, wadda ta girme su duka, idonta ya tafi amma bakinta na nan. Ta saurare su har suka gama.

“Wane kiɗa? A kan harshe ne. Wani limami aka kawo daga Amsterdam, ba ya jin harshen Fotugal na kakanninmu, yana karatu kamar mai tauna ƙashi.”

Kawu ya gyara zama. “To su wa suka goyi bayansa, Gwaggo?”

“Mu mana.”

“Mu su wa?”

Ta juyo da fuska wajen muryarsa. “Kai ɗan waye ma?”

Da ya faɗa mata, ta ce ai kakansa Mordekai da hannunsa ya ɗauki dutse a ginin sabuwa, daga baya ya koma tsohuwa don matarsa ba ta son kujerun. Kawu ya ce ba haka ba ne. Ta ce wataƙila ƙanen Mordekai ne. Muka koma gida.

Haka aka haɗe ba a warware komai ba. Asabar ta farko muka taru a tsohuwa. Limami ya ɗauko rabin addu’a daga nan, rabi daga can. In namu sun miƙe, nasu na zaune. Da aka fito da Attaura, wasu suka fara waƙa da Ibrananci, wasu da Turanci, kowa na satar kallon maƙwabcinsa. Na hango Kawu tsaye shi kaɗai a sahunsa, yana juya shafi gaba da baya.

Asabar ta biyu Baba Gabriel bai zo ba. Aka jira, aka gaji. Kawu ya ɗauki hularsa ya fita, na bi shi. Muka sami Baba Gabriel zaune a matakalar sabuwa, an garƙame ƙofa, littafinsa a cinya.

“Ƙafata ce ta kawo ni,” ya ce.

Kawu ya zauna kusa da shi, yana haki. “Tashi mu je, tsoho. Ana jiranka.”

“Can ban san lokacin miƙewa ba.”

“Ni ma yanzu ban sani ba. Ka zauna kusa da ni, in an yi dariya a yi da mu biyu.”

Suka ɗan huta tukuna. Sannan na riƙe wa Baba Gabriel littafin, muka taka a hankali, suna musu a kan ko Mordekai na da ƙane.