Sunayen da Baba Ya Rubuta Sau Uku

Shekarar da rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, ruwa ya ci kwali guda na hotunan gidan. Auta ce ta fito da shi, ta baza hotunan a kan tabarma tana ɓanɓare waɗanda suka manne da juna. Wasu sun fita lafiya, wasu kuwa fuskokin sun wanke, sai farar takarda mai dabbare-dabbare. 'Ya'yanta biyu, tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, amma a gidan iyayenta har gobe Auta ce, kuma duk aikin da yayyenta suka yi wa nisa a kanta yake sauka.

Ta yanke shawarar cewa sauran kwalaye uku ba za su bi wannan hanya ba. Akwai tsohuwar kwamfutar tebur da ta yi shekaru a ƙarƙashin gadonta. Ta kawo ta gidan Baba, ta sayo faifan ajiya guda biyu, ta aro na'urar ɗaukar hoton takarda daga wajen mijinta. Ba karatunta ba ne, amma mace ce mai bin umarni layi bayan layi, kamar yadda take yi a wurin aiki. Ta yi sati biyu tana karanta bayanai a wayarta lokacin hutun rana, tana rubuta matakan a bayan wata tsohuwar takardar gwaji.

Baba ya yi shekara arba'in yana gyaran rediyo da talabijin kafin ya rufe shago. Teburin aikinsa yana nan a ɗakin gaba, da mita, da ƙarfen narka dalma, da gwangwanayen sukurori da shi kaɗai ya san tsarinsu. A kan wannan teburin Auta ta buɗe cikin kwamfutar. Ya tsaya a kanta, hannu a baya, yana kallon yadda take riƙe sukundireba kamar mai riƙe allura. Da ya gaji da haƙuri sai ya karɓe, ya ɗaure faifan biyu da kansa, ya hure ƙurar fanka, ya gyara wata waya da ta lanƙwashe.

Ta yi masa bayani. Duk abin da aka ajiye a faifai ɗaya, na biyun zai kwafa, don in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Sannan akwai wata manhaja da za ta riƙa aika komai zuwa wata ma'ajiya a intanet, wadda ake ce wa gajimare, yadda yayyenta za su ga hotunan a wayoyinsu daga inda suke. In an gyara abu a nan, can ma zai gyaru. In an gyara can, nan ma haka.

"To in an gyara nan, an kuma gyara can, wa ke da gaskiya?" Baba ya tambaya.

Ta ce wanda aka gyara daga baya shi ne ke ci. Ya gyaɗa kai, ya ce yanzu haka duniya ta koma, ƙarami ke da magana.

Wata guda ta yi tana zuwa kowace Asabar, har ta shigar da hotuna ɗari shida da 'yan kai, kowanne da lambarsa. Daga nan aiki ya koma hannun Baba, don babu wanda ya san mutanen da ke ciki sai shi. Ta haɗa masa allo da madannai a jikin kwamfutar, ta buɗe masa fayil guda: ya rubuta lambar hoto, ya rubuta waɗanda ke ciki, da wurin, da shekarar in ya tuna. Ta nuna masa inda zai danna ya adana. Da yatsu biyu yake bugawa, tabarau a kan hanci, bayan ya sha shayin safe. A satin farko ya yi hoto sittin. Yayarta ta kira tana dariya, wai ashe jaririn nan mai kuka a hoto na goma sha ɗaya Yaya Babba ne, yau ga shi da furfura yana yi wa mutane faɗa.

Bayan haka sai jerin ya tsaya a sittin. Auta tana dubawa a wayarta, ba ya gaba. Ta ɗauka Baba ya gaji ne, ba ta so ta matsa masa. Duk Asabar tana zuwa da yara, ta gaishe su, ta leƙa ɗakin gaba ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa, don ta karanta cewa hakan na da kyau, sannan ta koma kicin wajen Mama.

A sati na huɗu Mama ta ja ta gefe wajen wanke-wanke, ta rage murya. Ta ce malam ba ya nan daidai. Kullum da safe yana zama yana bugawa, ita da kunnenta tana ji, amma ran Lahadi sai ya buɗe ya daɗe yana kallon allon. Kwana uku ke nan bai shiga ɗakin ba sam. Jiya kuma ta same shi a tsaye gaban kalanda yana jero sunayen jikokinsa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, yana lanƙwasa yatsu. Auta ta gane abin da Mama ke tsoro. Wan Baba, wanda suke ce wa Baffa, haka ya fara: yau ya manta inda ya ajiye makulli, gobe ya rantse ya yi abin da bai yi ba, har ya kai yana tambayar 'yarsa ko 'yar wace ce.

Auta ta shiga ɗakin gaba ta duba. Fayil ɗin yana nan, sittin cif. Ta gwada faifan biyu, lafiyarsu ƙalau. Ta canza wayar da ta haɗa kwamfutar da na'urar intanet. Ta tsare 'ya'yanta da tambaya ko sun taɓa, suka rantse. Ta kira yayyenta ko wani ya goge wani abu a wayarsa, kowa ya ce shi kallo kawai yake yi. Ta rubuta layi guda na gwaji ta adana, cikin minti ɗaya ya bayyana a wayarta. Komai yana aiki.

A hanyar gida mijinta ya ce wataƙila tsohon ba ya danna wurin adanawa ne, ko kuma yana zama ne kawai yana kallon hotunan. Abin da ya dame ta shi ne ita ma zuciyarta ta fara karkata can, kuma ta lura cewa da za ta yi wa Baba sallama, a hankali ta yi masa magana, da irin muryar da take yi wa tsofaffin marasa lafiya.

Amma aikinta ya koya mata abu ɗaya: in sakamako ya fito wani iri, na'urar ake fara tuhuma kafin a tuhumi mai jinin. Kuma ita ran Asabar kaɗai take ganin wannan na'urar. Ta nemi hutun rabin yini ran Laraba, ta zo da hantsi ba tare da ta sanar ba.

An ɗauke wuta da safen, an dawo da ita. Kwamfutar ta tashi da kanta tana ta ɗan gurnaninta. Auta ta kai hannu za ta kashe ta kunna kamar yadda ta saba, sai ta fasa, ta ja kujera ta zauna tana kallo kawai. A can kusurwar allon ta ga kwanan wata. Ɗaya ga watan ɗaya, na wata shekara da ita tana 'yar sakandare.

Ta buɗe inda manhajar ke rubuta duk abin da ta yi, ta bi layi-layi, sai abin ya fito fili. Duk sanda aka ɗauke wuta, kwamfutar takan manta lokaci. In wuta ta dawo, takan riga na'urar intanet tashi, ta nemi lokaci ba ta samu ba, ta haƙura ta zauna a waccan tsohuwar shekara. A haka ma'ajiyar gajimare ba ta yarda ta yi hulɗa da ita. Baba ya yi ta rubutu sati guda, yana adanawa daidai, amma kowane rubutu da tambarin shekarun baya yake fita. Ran Asabar Auta ta zo ta kashe ta kunna, agogo ya daidaita, manhaja ta farka ta kwatanta fayil biyu, ta ga na gajimare ne ya fi sabunta, ta ɗauko shi ta danne na Baba. Sau uku haka ta faru, kuma duk ukun da hannunta.

Ta kira Baba. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba. Ta ce, "Baba, ba kai ba ne. Agogon kwamfutar ne, da ni."

Ta nuna masa kwanan watan. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce ta kashe ta cire daga wuta. Ya buɗe murfin, ya haska da tocila, ya sa farce ya ɓalle wani ɗan batir mai faɗin maɓallin riga. Ya ɗora masa mita, allurar ko motsi ba ta yi ba. Ya ce wannan ai ya mutu tun ba yau ba, shi ke riƙe wa na'ura lokaci in babu wuta, kuma da ya san da shi tun ranar farko zai gwada. Ya aika ta ɗakin Mama ta ɗauko na ajiya da ke cikin akwatin na'urar gwajin sukari. Mama ta biyo bayanta tana cewa a dawo mata da abinta. Da kansa ya saka sabon batirin, bai bari an taya shi ba.

Akwai wani mataki a takardarta da ta bi ba tare da ta san amfaninsa ba, wanda ya ce manhaja ta riƙa ajiye duk fayil ɗin da ta danne a wata ɓoyayyar jaka. Ta nemo jakar. Guda uku suna ciki.

Suka karanta tare. A na farko Baba ya kai hoto na ɗari da ashirin, a taƙaice: wane da wance, ƙofar tsohon gida. A na biyu ya sake farowa daga sittin da ɗaya, amma ya fi tsawaitawa, kamar mai son ya tabbatar wa kansa: keken da ke jingine a bango nasa ne, ranar da aka ɗauki hoton Mama tana fushi da shi saboda ya kwance rediyonta ya kasa mayarwa kafin labarai. Na ukun gajere ne, hoto tara kawai. A ƙarƙashin na ƙarshe ya rubuta: Ina ganin na rubuta wannan a da. Ko ban rubuta ba. Kada a gaya wa yara tukuna.

Auta ta cire hannunta daga madannan. Ta ce me ya sa bai gaya mata ba tun satin farko.

"Baffanku ma cewa yake an ɗauke masa kaya," in ji shi. "Mu kuma mu yi ta cewa e, za a nemo. Ban so ki ce mini e ba."

Sai ta ba shi haƙuri. Ya ce haƙurin me, ita da ta haɗa na'ura tana bin rubutu a bayan takardar gwajin jini. Da ya fara gyara, rediyon mutane nawa ya ƙone.

Kafin ta tafi ta gyara tsarin. Kwamfutar za ta riƙa neman lokaci a kai a kai har sai ta samu. Manhajar kuma ta daina zaɓen mai gaskiya: in fayil biyu suka saɓa, ta ajiye duka biyun ta jira mutum. Ta so ta haɗe rubutun uku ya zama ɗaya, sai suka ci karo da hoto na sittin da huɗu, wata mata a tsaye riƙe da jariri. A rubutu na farko ya ce ƙanwar mahaifiyarsa ce. A na biyu ya ce matar maƙwabcinsu tela. A na uku ya bar wurin fili.

Baba ya cire tabarau ya goge. Ya ce wannan kam ba batir ba ne.

Suka aika wa Goggo hoton, ƙanwarsa da ke wani gari. Kafin shayi ya huce ta turo saƙon murya na minti huɗu, rabinsa tsiya take yi wa yayanta. Matar dai ungozoma ce, ita ta karɓi haihuwar Yaya Babba. Baba ya yi dariya har da tari, ya rubuta, ya danna wurin adanawa sau biyu.

Da ya rako ta bakin mota, yana kallon wani gefe ya tambaya ko a asibitinsu akwai likitan da ke duba irin wannan abu na mantuwa. Ba don komai ba, in ji shi, kamar yadda ake ɗora wa abu mita ne. Ta ce akwai. Suka je ran Litinin. Likitar ta yi masa tambayoyi na kusan awa guda, ta ce ba ta ga abin tayar da hankali ba a yanzu, amma ya dawo bayan wata shida a sake dubawa, kuma kunnensa na hagu yana buƙatar kulawa. Ya amince da duka, ban da zancen kunnen.

Wata huɗu ya ɗauka kafin ya kai hoto na ƙarshe. Guda goma sha tara sun gagari kowa, har Goggo. Auta ta ce a bar wurarensu fili ko wata rana wani zai gane. Baba ya ƙi, ya ce fili yana kama da aikin da ba a yi ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, gaban kowace lamba ya rubuta: Mun tambaya, ba mu sani ba.