Dutsen da ke Ɗauke da Ruwa Bakwai

Idan aka cire wa abu ruwan da ke jikinsa don a san ko shi wane ne, abin da ya rage a hannu shi ne, ko gawarsa ce? Kwana uku ina juya wannan tambaya ban samu amsa ba. Na tsince ta ne a wani yagaggen shafi da aka naɗe mini tsire a ciki, inda aka yi bayanin wasu duwatsu masu riƙe ruwa a cikinsu. Ban yi karatu mai nisa ba. Sana'ata gyaran sikeli, kuma shekara ashirin ina buɗe sikelin mutane ina ganin abin da suke maƙalawa a ƙarƙashi, saboda haka ba na saurin yarda da kowa. Da tambayar na kwanta jiya, sai mafarki ya ɗauke ni.

Na tsinci kaina a bakin wata kasuwa da hantsi. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana tafiya sama. Mutane sun kife lemominsu suna riƙe da su a daidai gwiwa, ƙasa kuma sai ƙara bushewa take yi. Ban yi mamaki ba. Abin da ya dame ni shi ne kowa na kallona kamar ya san abin da ya kawo ni, ni kuwa ban sani ba.

Gwaggo Tabawa ce ta kama mini hannu. Ƙanwar mahaifina ce, mai sayar da kanwa da alif.

"Cindo, ina ka tsaya? Tun ɗazu ake neman shaida."

"Shaidar me, Gwaggo?"

Ta kwance wani jiƙaƙƙen tsumma. A ciki akwai dutse, girmansa bai wuce ƙwan zabo ba, launinsa kamar cikin jar gwaiba, haske na ratsa shi. Gefunansa a miƙe suke kamar an fere su da wuƙa. Kusurwa ɗaya ta fara yin fari.

Ta ce a wani tsohon ramin haƙar ma'adini ta same shi, a jikin bango inda ruwa ke tsattsafowa. Uku ne irinsa a duk ƙasar, biyu sun riga sun zama gari domin iska ta shanye musu ruwa. Na dube ta. Matar da ta shekara arba'in tana farfasa kanwa da guduma, yaushe ta fara tausayin dutse? Ban tambaye ta ba, amma na riƙe abin a raina.

Sai ga mu a ofishin rajistar abubuwa. Awaki ne ma'aikatan. Wani bunsuru mai tabarau shi ne magatakarda, sauran suna zaune a jere suna tauna, ko da yake babu komai a bakinsu. A bayansa akwai manyan ƙofofi biyu, ɗaya an rubuta Gishiri, ɗaya Tsakuwa. Can ƙasa a lungu akwai wata 'yar ƙaramar ƙofa mai laima a jiki, ba rubutu.

Gwaggo ta raɗa mini yadda abin yake. Duk abin da ya shigo ƙasar sai an rubuta danginsa kafin ruwa ya ɗauke. Idan aka rubuta shi tsakuwa, za a zuba shi a titi rana ta gama da shi. Idan aka rubuta shi gishiri, ta waccan ƙofar zai shiga. Na leƙa ƙofar. Ɗakin fanko ne, dandamalinsa sumul, yana sheƙi irin na abin da aka daɗe ana lasa.

Magatakarda ya gyara tabarau ya dubi dutsen.

"Suna?"

"Ba ni da shi tukuna," in ji dutsen. Muryarsa kamar ɗigon ruwa a cikin randa.

"Uba?"

"Ƙarfe."

"Uwa?"

"Farar wuta."

"Kaya?"

"Ruwa bakwai."

Bunsurun ya taɓa shi da kofato, ya duba kofaton. "Ban ga jiƙa ba."

"Ba a waje suke ba. Su ne suka riƙe ni a tsaye."

Aka ce in gwada taurinsa. Na ja farcena a gefensa a hankali, sai ya yi zane. Magatakarda ya ce tsakuwa ba ta jin farce, ya soke wannan layin, na kuma lura da saurin da ya soke shi. Ɗan ɓurɓushin da farcena ya kankaro aka jefa a kofin ruwa. Kafin a kirga uku ya narke. Awakin suka daina tauna a lokaci ɗaya.

"Yana narkewa," in ji magatakarda. "Gishiri ne."

"Sukari ma yana narkewa, ranka ya daɗe," in ji Gwaggo. "Wannan ɗan dangin salfet ne, waɗanda farar wuta ta haifa. Gida biyu ne da su, busassu da masu ruwa. Shi ɗan gidan masu ruwa ne, alif ɗin da nake sayarwa ɗan'uwansa ne na nesa. Ɗakinsu ga shi can a lungu, kun sani."

"Ɗakin ya daɗe ba a buɗe ba, Hajiya. Ban san inda makullin yake ba."

Makullin yana rataye a wuyansa. Kowa na ganinsa.

Ya buɗe littafin doka, wanda aka cinye rabin shafukansa, ya ce hujja iri biyu ce. Ta farko wuta. A auna dutsen, a gasa shi har ruwan ya fita, a sake aunawa. Nauyin da ya ɓata shi ne ruwa bakwai ɗin, babu gardama. Aka kawo sikeli. Na kife shi, na duba ƙasa, na duba allura. Lafiya lau yake, ba a maƙala masa komai ba. Ban taɓa ganin sikeli mai gaskiya haka ba, kuma wannan ya ƙara mini zargi.

"Bayan an gasa shi me zai rage?" na tambaya.

"Farin gari. Sai mu rubuta masa sunansa daidai a jikin leda."

"Ta biyu fa?"

"Harshe. Yadda 'yan kasuwa ke gane kanwa. Shaida ya lasa sau ɗaya a gabanmu, mu kuma mu dubi fuskarsa. Doka ta hana akuya, wai muna da sha'awa a ciki. Ta hana wadda ta kawo shi. Saura kai, Malam."

Na ce ba zan lasa ba.

Na faɗa musu dalilaina a tsanake. Ban san ko guba ba ne. Ban san wanda zai amfana ba. Abin da ke narkewa a kofi zai narke a harshe, wato duk wanda ya lasa ya ci wani ɓangare na jikinsa, ni kuma ban ga bambancin da zai rage tsakanina da awakin ba. Magatakarda ya saurare ni da ladabi, har yana gyaɗa kai. Ya ce a tafi hutu. Ina fita na ga wata akuya tana goge tiren da ake ɗora musu gishiri.

Muna zaune a baranda, ni da Gwaggo, dutsen a cinyarta. Tsumman ya fara bushewa. Ta miƙa shi waje ruwa ya jiƙa shi, amma ruwan sama yake nufa, bai tsaya ba.

"Tun kana ƙarami haka kake," ta ce. "Ko kunu aka ba ka sai ka shinshina. Uwarka ta sha fama."

"Gwaggo, me za ki samu a wannan al'amari?"

"Ni? Ciwon ƙafa."

"Ba a yin abu haka kawai."

"Na ciro shi daga inda yake zaune lafiya don ya yi mini kyau a ido. Ni na jawo masa. Ka ji abin da zan samu." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Kai kuma so kake ka koma gida bakinka da tsabta. Sai ka koma. Za su ba ka ledar ka riƙe ta tunawa."

Wani ɗigo ya fito daga dutsen, ya tsaya kaɗan a iska, ya bi sauran ruwan zuwa sama. Farin da ke kusurwar ya ƙara faɗi.

"Shida," in ji dutsen.

Na sunkuya kusa da shi. Na ga ya dace a tambayi mai jikin, tunda babu wanda ya tambaye shi.

"Kana so in lashe ka?"

"Ba na so."

"To ka ji, Gwaggo."

"Wutar ma ba na so," in ji dutsen. "Tiren ma haka."

"Guba ne kai?"

"Ban taɓa ɗanɗana kaina ba."

Na fara aunawa a raina. Na ɗora laifin lasa a hannu ɗaya, laifin ƙi a ɗayan, na jira allura ta tsaya. Ba ta tsaya ba. Ina cikin haka wani ɗigon ya tashi.

"Biyar. Wannan kana tunani ya tafi."

Aka koma ofis. Ruwan waje ya ragu, sai yayyafi ke tashi jefi-jefi. A dama an hura gawayi a kurfoti. A hagu an ajiye tiren, awaki sun yi layi a bayansa bisa girman muƙami, kowacce ta ɗaura hankici a wuya. Magatakarda ya jiƙa hatimi a tawada.

"Tunda shaida ya ƙi, Hajiya kuma ba ta yarda da wuta ba, sai mu bi abin da ido ya gani. Ya narke a kofi." Ya ɗaga hatimin.

Na karɓi dutsen daga hannun Gwaggo. Ya fi ɗazu sauƙi. Hannuna ya san nauyi, ba ya kuskure a wannan. Na zaɓi gefen da bai yi fari ba, na ce bismillah, na ɗora harshe.

Babu gishiri a cikinsa ko kaɗan. Ɗaci ne ya fara zuwa, sai bauri ya kama mini baki ya tattare shi kamar bakin jaka, sai wani ɗanɗanon tsatsa, irin na wanda ya tsotsi tsohuwar ƙusa. Haƙorana suka yi sanyi. Na so in riƙe fuskata don kada a ce da gangan nake yi, amma ta ƙwace mini.

Magatakarda ya zagayo tebur ya tsaya a gabana. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau, irin kallon da nake yi wa sikelin mahauta. Ya ga hawayen da suka fito, ya bi su da ido har suka kai rufi. Akuyar da ke gaban layi ta kwance hankicinta ta ninke. Sauran ma suka kwance nasu.

"Salfet, gidan masu ruwa," ya ce, muryarsa a mace. Ya buga hatimin, ya ciro makullin daga wuyansa ba tare da ya dubi kowa ba.

Ƙaramar ƙofar ta buɗe, iska mai sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fito. Gwaggo ta durƙusa za ta shigar da shi. A inda harshena ya taɓa akwai ɗan rami, daidai girman ƙwayar gero.

"Gwaggo, ruwan da ya tafi zai dawo masa?"

"A ɗaki mai laima, wataƙila," ta ce, ba ta juyo ba. "Wanda ka lashe kam yana cikinka."

Na buɗe baki zan ba dutsen haƙuri, harshena ya ƙi motsi. Sai maƙwabciyarmu ta tayar da injin markaɗe, ƙararsa ta shigo ta taga, na farka ina ta haɗiyar yawu.